Hular Alhaji da Hannayen Umma

Masu cewa na yi shiru kwana biyu, ga ni. Lafiyata ƙalau. Rubutun ne ya ƙi.

Wanda yau ya fara karanta ni, ga abin da zai riƙe. Na gama sakandare, ban wuce nan ba. Ina aiki a wani shago mai ƙofa ɗaya da fanka ɗaya, muna juye tsofaffin kaset ɗin bidiyo zuwa faifai. Ina son wata yarinya, Auta suke ce mata a gida. Mahaifinta bai ce min e ba, bai ce a'a ba. Ummata ta rasu ina aji uku. Babana kafinta ne, kuma kurma ne tun haihuwa.

Wannan na ƙarshen shi ya tsaya musu a wuya. Ba su taɓa faɗa a gabana ba. Auta ke kwaso min.

"Yaya ya ce wai abin yana bin jini."

"Ni kurma ne?"

"Wai yana tsallake ɗa ya faɗa kan jika."

"Yayan naki likita ne?"

"A banki yake, ka sani." Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Za ku ce me na gani a jikinta. Ranar da ta fara zuwa shagon Baba, ba ta ɗaga murya ba. Kowa ihu yake masa, kamar ihu zai huda kunnen. Ita ta tsaya a gabansa, ta bari ya ga fuskarta, ta gaishe shi a hankali. Tun ranar na mutu a kanta. Abu ƙarami ne, na sani. Ni ban saba samun ko ƙaramin ba.

Mahaifinta tsohon ma'aikacin talabijin ne. A zamaninsa yana da shirin lafiya: ya zauna a kujera, ya karanta tambayoyin jama'a, likita ya amsa. Har yau Murya abokansa ke kiransa, kuma yana amsawa kafin a rufe baki. Ni Alhaji nake ce masa, kaina a ƙasa.

Ran nan Auta ta shigo shagonmu rungume da kwali, mayafinta ruwan toka ya zame zuwa kafaɗa, gumi ya ɓata mata hoda. Ta dire kwalin a kan tebur.

"Tashi, dama ta zo maka har gida. Kaset ɗin shirin Abba ne. Tsofaffin abokan aikinsa za su taru ranar Asabar, yana so a nuna musu a sabuwar talabijin. Na ce kai za ka yi. Sai ya ce, 'Mu ga aikin nasa.' Ka ji? Abba bai taɓa cewa zai ga wani abu naka ba."

Na san labarin talabijin ɗin. Wani mai sayar da motoci ne ya kawo ta kyauta, ta kusa cinye bangon falo. Duk mako yana zuwa gaishe da Alhaji. Kowa ya san ba Alhaji yake gaisarwa ba.

Kaset ɗin sun yi fumfuna. Na kwance su ɗaya bayan ɗaya, na goge zaren da auduga, na bar su sun sha iska. Washegari da safe na sa na farko. Allon ya yi shinkafa, ya yi rawa, ya daidaita. Ga Alhaji da ƙuruciyarsa, siriri, gashin baki baƙi ƙirin, doguwar hula ta kusa taɓa saman hoton. A ƙasa, kusurwar dama, akwai ɗan zagaye mai siffar ƙwai. A cikinsa wata mata ce da ɗankwali mai duhu, tana juya maganarsa zuwa hannu saboda kurame.

Na tsayar da kaset ɗin. Na tashi na rufe ƙofar shago.

Na san Umma ta yi aiki a gidan talabijin kafin a haife ni. Faɗa min aka yi, ban taɓa gani ba. Hotonta ɗaya ne a gidanmu, na katin shaida, ta ɗaure fuska. A nan kuwa motsi take. Hannayenta gudu suke. In Alhaji ya ja magana, sai ta ɗaga gira ta jira shi, kamar yadda take jirana in gama ƙarya.

Na ɗauki hoton allon na tura wa Auta.

*Kin ga matar nan ta ƙasa?*

*Eh mai bebancin nan. Muna yara har kwaikwayonta muke hhh*

*Ummata ce.*

Tana rubutu. Ta daina. Tana rubutu.

*Innalillahi. Wallahi ban sani ba. Amma ka ga abin ya zo da kyau, ashe ma na gida ne*

*Kada ki faɗa tukuna.*

*To*

Kafin la'asar ta faɗa wa Yaya.

Yanzu ku ba ni hankalinku kaɗan, don a nan abin yake. Hoton talabijin na da kusan murabba'i ne, huɗu a kwance uku a tsaye. Allon yanzu kamar ƙofar da aka kwantar yake, sha shida da tara. Tsohon hoto ba ya cika sabon allo. Hanya uku ce. Ko ka bar shi yadda yake, baƙi ya tsaya dama da hagu. Ko ka ja shi ta gefe har ya cika, kowa ya koma gajere mai ƙiba. Ko ka zuƙo shi ya cika faɗin, sai sama da ƙasa su fita waje, kashi ɗaya cikin huɗu na hoton ya tafi. Duk wanda ya ce muku akwai ta huɗu, kuɗinku yake so.

Ni ta farko nake yi. Na yi faifan gwaji, na kai musu.

Falon ya yi sanyi kamar asibiti. Kujerun fata, labule mai nauyi, kafet da ƙafa ke nutsewa a ciki. Rimot ɗin har yanzu a ledarsa yake. Na cire takalmi a ƙofa, sai na tuna safata ta huje a babban yatsa. Na naɗe yatsan, na shiga da shi a naɗe.

Na durƙusa. "Barka da yamma, Alhaji."

"Yawwa, mai kaset."

Yaya yana gefe, ya sassauta taye, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Auta na tsaye a bakin ƙofa da tire. Na sa faifan.

"Mene ne wannan baƙin a gefe?" in ji Yaya.

"Haka hoton yake, Yaya. Ba a rage komai ba."

"An kawo mana talabijin cikakkiya, ka mayar da ita taga?" Ya fizge rimot, ya danna. Hoton ya miƙe. Fuskar Alhaji ta baje kamar an zauna a kanta. Auta ta toshe baki da mayafi.

Alhaji bai yi dariya ba. "Mayar."

Ya mayar.

"Samari. Ba a cika shi sai an mai da ni randa?"

"Ana yi, Alhaji. Amma sai an datse. Sama da ƙasa."

"Nuna."

Na karɓi rimot na zuƙo. Ita talabijin daidai take raba datsewar, rabi sama rabi ƙasa. Hular ta tafi, saura ɗan bakinta a kan goshi.

"A'a, a'a. Hular nan da ita aka san ni. Ba a taɓa ta."

"To a kwashe duka daga ƙasa mana," Yaya ya ce. Ni yake kallo, ba allon ba. "Ai ana yi a kwamfuta, ko? Me ke ƙasan? Ƙafar tebur."

"Akwai mai fassara."

"Wa zai kalla a gidan nan da ba ya ji?"

Alhaji ya matso da fuskarsa, ya ƙanƙance ido. "Matar kusurwa. Shekaru muna aiki, ban taɓa riƙe sunanta ba. Raba wa mutane hankali take. Ina magana, ana kallon hannunta. Na sha cewa a cire ta, manaja ya ƙi." Ya juyo. "An ce taka ce?"

"Mahaifiyata ce."

"Allah ya ji ƙanta." Ya kurɓi shayi. "To ka ga, kai ka fi kowa ikon yi. Cika min allo, hulata ta tsira. In na ga aiki ranar Asabar, sai mu yi waccan maganar da kake ta zagayawa."

Auta ta rako ni bakin get. Tafiya take kamar za ta tashi sama.

"Ka ji ko? Ya ce za a yi maganar!"

"Kin ji abin da ya ce in yi?"

"Hannu ne kawai fa."

"Da hannun take magana."

"Haba. Ba ta nan balle ta ji haushi. Ni ina nan." Ta gyara mayafi. "Da mai motoci aka ce ya datse, wallahi motar zai datse gida biyu bai tambayi dalili ba. Kai kullum sai ka sa mutum ya roƙe ka."

Ku zage ta in kuna so. Ni na tsaya ina kallon ɗan kunnenta yana lilo.

Da safe saƙonta ya riga ni tashi.

*Ka fara?*

*Ka san Yaya jira yake ka ƙi*

*Don Allah kada ka ba ni kunya*

A kwamfuta abin ba wuya. Firam ne a kan hoton, ka kama shi ka ja. Na ja shi sama har hular ta shiga duka, da ɗan sarari a kanta don ta sha iska. Layin ƙasa ya hau. Ya ci hannayenta. Ya ci haɓarta. Ya ci bakinta. Ya tsaya a karan hanci. Abin da ya rage ɗankwali ne da goshi da ido biyu, suna leƙowa daga ƙasan allo kamar mai nutsewa a ruwa.

Na gwada sauke shi kaɗan. Hular ta taɓu. Na mayar.

Allo ya cika tam. In faɗa muku gaskiya, ya yi kyau. Na gyara launi, na rage shinkafar, na fito da muryarsa tas. Ban taɓa yin aikin da ya kai shi ba. Ogana ya leƙo ya ce, "Kai, wannan kamar fim." Na ce e.

A gida Baba ya tambaye ni da hannu me ya hana ni cin abinci. Na ce ciki. Ban gaya masa an sami kaset ba. Na ce a raina sai komai ya lafa, in zaunar da shi mu kalla mu biyu, cikakke.

Asabar bayan azahar na ari takalmin Oga, na goge rigata mai layi, na sayi safa. Ƙofar falon cike da takalma. A ciki tsofaffi, wasu da sanda, wasu da tabarau, turare ya cika ɗakin. Mai motoci yana kusa da talabijin ɗinsa, makulli a yatsa yana juyawa.

Sai na gan shi.

Baba. A kujerar gaba. Ya sa farar rigarsa ta fita, ya goge ta har karin ya tsaya. Ya yi aski. Ya yanke farce. Ya wanke garin katako daga gashin hannunsa. Ya ɗora hannayen a kan gwiwa kamar ɗalibi.

Auta ta matso, ƙamshinta ya riga ta. "Ni na je har shagonsa," ta raɗa min. "Na nuna masa hoton da ka turo min. Ka ga yadda ya riƙe wayar kuwa? Da ƙyar ya sake. Yaya ne ya ba da shawara, ya ce gara iyaye su ga juna."

Na dubi Yaya. Ya ɗaga min kofin lemo.

Baba ya hango ni, fuskarsa ta buɗe. *Me ya sa ba ka gaya min ba?* Ya taɓa kumatunsa da yatsa biyu. Sunan Umma ke nan a hannunsa, saboda ɗigon baƙin da ke kumatunta. *Yau zan gan ta.*

Faifai biyu ne a jakata. Na gwaji, mai baƙi a gefe, da komai nata a ciki. Da sabon. Na durƙusa a gaban na'urar, na sa hannu a jaka, na ji su duka biyun. Babu wanda zai hana ni. Alhaji ya yi gyaran murya. Makullin mai motoci ya yi ƙara. Na waiga, Auta na kallona, ta haɗa tafukanta a ƙirji.

Na sa sabon.

Ɗakin ya ɗauki tafi.

"Kai! Kamar jiya aka ɗauka!"

"Murya, ashe ka taɓa yin wuya!"

"Dubi hula, jama'a. Hular nan ta sha labarai."

Alhaji yana dariya har da share ido. Baba ya ga ana dariya, shi ma ya yi murmushi. Haka yake yi tun ina yaro, don kada a ce ya ɓata taro. Amma idonsa ba ya kan hula. Yana ƙasa, kusurwar dama.

Wani tsoho mai sanda ya nuna. "Wace ce waccan mai leƙe?"

"Maƙwabciya ce," in ji Yaya. "Ta katanga take kallo, ba su da talabijin."

Aka sake fashewa.

Baba ya daina murmushi. Ya miƙe. Ya tafi gaban talabijin ɗin, ya tare wa mutane rabin Alhaji. Ya durƙusa da farar rigarsa, ya bi bakin allon na ƙasa da yatsa, kamar yadda yake bin katako in yana neman inda ya karkace. Sannan ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashi. Yana neman sauranta a bayan firam.

"Ku ce masa ba ta faɗi ƙasa ba!" wani ya ce.

Idon Umma yana can yana motsi, girarta na hawa tana sauka. Magana take, babu abin faɗarta.

Baba ya juyo gare ni, yana durƙushe. *Ina hannayenta?*

Alhaji ya tsayar da hoton. "Me yake cewa?"

Kowa ya juyo.

"Ya ce hoton ya yi kyau."

"Madalla. Gaya masa aikin ɗansa ne. Da hannunsa ya yi, babu wanda ya taya shi. Gaya masa."

Hannayena suka ƙi tashi.

"Bar shi, Abba, kunya yake ji." Yaya ya ajiye kofi, ya taso. Ya taɓa kafaɗar Baba. Ya nuna ƙasan allo. Ya yi almakashi da yatsa biyu, ƙyas ƙyas. Ya nuna ni. Ya ɗaga babban yatsa. Sannan ya juya ga baƙi ya buɗe hannu. "Kun ga, ni ma na iya bebancin."

Baba ya dube ni. Bai daɗe ba. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwar wandonsa, ya ɗan rusuna wa Alhaji. Ya bi ta tsakanin kujeru yana kaucewa ƙafafun mutane. A ƙofa ya nemo takalminsa cikin na jama'a, ya sa a tsaye, ya fita.

Na yunƙura zan bi shi.

"Tsaya, samari." Alhaji ya ɗaga hannu, ya sa muryar shirin, wadda a da ake biyansa dominta. "Jama'a, ku shaida. Na sa yaron nan abu mai wuya, ya yi bai yi musu ba. Abin da nake nema a suruki ke nan. Na ba shi Auta." Aka yi kabbara, aka yi tafi. Makullin mai motoci ya daina juyawa. "Amma abu da tsari. Gobe bayan la'asar mahaifinka ya zo ya nema maka da kansa. Ba kawu ba, ba maƙwabci ba. Shi. Kai sai ka fassara mana, tunda gado ne."

Auta ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Murna ce. Tsofaffin suka yi ta miƙo min hannu. Na gaisa da kowa. Na ce na gode. Har Yaya na ce wa na gode.

Da sauran rana na isa gida. Baba na zaune a kan bencin da ya ƙera da kansa, a ƙofar ɗaki. Bai cire rigar ba. Na buga ƙafa a ƙasa yadda muke yi, don ya ji a jikinsa. Ya ɗago. Ya ga na ɗaga hannu zan fara.

Ya rufe ido.

Ku da kuke ji ba za ku gane ba. Ku ko kun juya baya, magana tana shiga. Ko kun toshe kunne, tana tsiyaya. Kurma in ya rufe ido, shi ke nan. Babu taga, babu ƙofa. Na ga an cuci Baba a kasuwa, na ga an zage shi a fuskarsa ana murmushi, ban taɓa ganin ya yi wa mutum haka ba.

Na taɓa kafaɗarsa. Na kama hannunsa in yi masa magana a tafi. Ya zare, ya cusa su duka biyun a hammata.

Na fito da waya, na buɗe cikakken hoton, mai baƙi a gefe. Na riƙe shi a gaban fuskarsa. Ga Umma, ga hannayen duka biyu, suna ta bayani. Hasken yana wasa a kan fatar idonsa. Ya san akwai abu a gabansa. Bai buɗe ba.

Saƙo ya sauko a saman allon.

*Abba ya ce kada ku makara gobe. Babanka ya sake sa farar rigar nan, ta yi masa kyau*

Wani ya biyo shi.

*Ka gaya masa?*

Na rubuta da yatsa ɗaya: *Ina gaya masa.*

Na mayar da wayar gaban fuskarsa. Hannuna ya gaji, na canza ɗayan.